Goron da Inna Ta Kai wa Direban Jirgi

Jikana ne ya matsa mini sai na je na gani da idona. Ya ce tun da na ƙi yarda da abin da rediyo ke faɗi, in hau bayan babur ɗinsa ya kai ni. Na hau ina riƙe da rigarsa gam, muka bar gari muka bi ta cikin gonaki, har muka iso inda aka yanka ƙasa aka tayar da wani dogon tudu miƙaƙƙe, ya fito daga wajen Katsina ya nufi Maraɗi. Manyan motoci suna zubar da tsakuwa, katafila tana ture ƙasa, ga samari da hulunan kwano suna ta kai da kawowa. Jikan nawa ya nuna mini wani fili da aka share, ya ce ya ji ana cewa a nan tasha za ta zauna. Tashar jirgin ƙasa, a Jibiya. Na sauka na tsaya ina kallo, don gonar gero na sani a wurin, na sha korar tsuntsaye a cikinta ina yaro. Shi ya ɗauka gajiya ce ta kama ni, ya ce in nemi inuwa in zauna. Ba gajiya ba ce. Inna ce ta faɗo mini a rai, ita da goronta.

A zamaninmu tasha ɗaya muka sani, ta mota, ita ma ba gini ba ne, inuwar tsamiya ce da 'yan rumfunan zana. Ranar kasuwa tun gari bai gama wayewa ba za ka ji kukan jakuna daga wajen Gangara da Farfaru, da gurnanin raƙuman da suka kwana a bakin gulbi, da luguden taɓare yana tashi gida-gida. Mutanen Maraɗi su shigo da kanwa da dabbobi, su koma da gero da yadi, ba wanda ke jin ya bar wata ƙasa ya shiga wata, sai dai in ya hango ɗan duwan, mai karɓar kuɗin fito a kan iyaka, da gajeren wandonsa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Inna ce ta riƙe mu da furar da take damawa a gindin tsamiyar nan. Aikina kullum shi ne in ɗebo ruwa, in je ruga in amso nono wurin Fulanin bayan gari, in ɗauko ƙore da ludaya in kai mata, da yamma in kwaso su. 'Yar gajeriyar mace ce, amma muryarta ta fi jikinta, kuma babu direban da ke bin hanyar nan da bai taɓa durƙusawa ya gaishe ta ba. Wanda ya yi wa fasinja rashin kunya a gabanta, ranar sai ya sha fura a wani garin.

Dole in bayyana yadda mota ke tashi a lokacin, don yaran yanzu ba za su gane ba. Mota ba ta da lokaci. Tana tashi ne idan ta cika, kuma ba a ce ta cika ba sai kowa ya dawo. In kana da uzuri, za ka yi salla ne, ko ka manta saƙo a kasuwa, sai ka je wurin direba ka gaishe shi, ka miƙa masa goro. Ba ka cewa ya jira ka, faɗin ma rashin ta-ido ne, kamar kana zarginsa. In ya amsa, magana ta ƙare. Yaron mota zai yi ta ihu yana dukan jikin mota, direba zai yi ta taka mai tana ruri, amma taya ba za ta motsa ba sai ka zo ka zauna. Direban da ya ci goron mutum ya bar shi a ƙasa, labarinsa zai riga shi isa Katsina. Manya suna cewa tafiyar da aka bar mutum a baya ba ta da albarka, kuma mun taso ba mu san akwai wata hanyar tafiya ba sai wannan. Yanzu kuwa ka tsayar da mai babur, kafin ka gyara babbar rigarka ya ɗauki wani ya wuce, ba agogo yake bi ba, ba kunya yake ji ba. Ni abin yana ba ni haushi, kuma ba na ɓoyewa.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka al'adar take, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Da ya girma ya bi fatake zuwa Kurmi, ya zauna a wani garin Yarbawa yana sayen goro yana turowa Arewa, sai ta sa masa suna mutumin Kurmi. In masu koren shanu sun dawo daga kudu, sukan kawo mata ɗan ƙunshin goro daga wurinsa. Sai ta amsa ta ajiye gefe kamar ba komai, ta ci gaba da damun furarta. Da yamma ta raba wa maƙwabta, amma fararen manyan ba ta ba kowa. Tana nannaɗe su cikin ganye ta sa a wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gado, tana yayyafa musu ruwa. Na sha leƙa ta tana buɗe tukunyar tana duba su, ba ci za ta yi ba.

Wata damina wani mai koren shanu ya tsaya a gindin tsamiya, ya ƙi zama, ya ƙi amsar fura. Ya ce ya baro Yaya kwance, ciwo ya ci jikinsa, ba ya iya tashi, in da mai son ganinsa to ya hanzarta. Ina kallon Inna. Ludayi bai tsaya a hannunta ba. Ta sallami duk wanda ke jira, ta wanke ƙorenta ta kife, sannan ta ce mini in nemi wanda zai duba mana gona, gobe za mu yi tafiya. Ba ta ce ina ba, ni ma ban tambaya ba. A lokacin gemu ya fara tsiro mini, ina ganin kaina cikakken mutum, amma ban taɓa wuce Katsina ba. Fatake suka ce mana mu nufi Ƙaura, a can hanyar jirgi ta ƙare, shi ne zai kai mu Zariya mu canja wani zuwa kudu. Muka hau wata motar kaya, rabin tafiyar turi muka yi cikin taɓo, ruwa ya cinye hanya a wurare da yawa. Duk da haka ba wanda ya ji tsoron komai sai makara. Yau hanyar nan ko da rana tsaka mutum ba ya binta sai da addu'a a baki.

Na sha jin labarin jirgi a bakin fatake, amma ashe bakinsu bai kai ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai ma ba jirgin ba ne, tashar ce. Gini ne mai rufin kwano, a gabansa dogon dakali an share shi tas. Ga wata taga mai ƙarafa inda ake yankar tikiti, mutane sun jeru ɗaya bayan ɗaya, mai rawani a bayan mai ɗan bante, ba wanda ya ce a duba girmansa. Ga sikeli da ake ɗora wa buhu, allura ta nuna nauyinsa, ba ciniki ba rantsuwa. Ga shingen katako mai hawa inda ake kora shanu su shiga tarago, waɗannan shanun da a da sai an yi wata da watanni ana binsu a ƙafa. Ga tankin ruwa a sama bisa ƙafafun ƙarfe, aka ce mini na jirgi ne, shi ma yana sha. Waya ta tashi daga ginin ta bi turaku har inda ido ya gaza. A bango kuma ga agogo mai faɗin faifai, ƙararrawa tana rataye kusa da shi. Na ga kowa a tashar, da mai kaki da ɗan dako, yana ɗaga kai ya dubi agogon nan kafin ya yi komai, amma ban kawo komai a raina ba.

Sannan kan jirgin ya taho daga inda ya sha ruwa. Baƙi ƙirin, yana huci, tururi yana fita ta gefensa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. A cikinsa wuta ce ke ci, wani mutum yana ɗibar gawayi da shebur yana zuba mata. Da ya yi kuka sai da tantabarun rufin tashar suka watse, wata akuya ta tsinke igiya. Ni na ja da baya, ba zan yi ƙarya ba. Inna ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallonsa, leɓunanta suna motsi, sannan ta ce lalle Allah ya ba ɗan Adam abin da ya ba shi. Har yau in na rufe ido ina jin warin gawayin nan da man ƙarfe.

Muka shiga tarago muka sami benci. Inna ta jera kayanta a ƙarƙashi, ƙullin gero, da daddawa, da kuka, da ɗan tandun man shanu, duk na mutumin Kurmi ne, ko da yake ba ta faɗa ba. Da ta gama ta tambaya ina direba yake. Aka nuna mata can gaba. Ta sauka, ina biye da ita, ta ratsa taron nan har gindin kan jirgin. Direban wani ƙaƙƙarfan mutumin kudu ne, gawayi ya ɓata masa kaya, da tsumma a wuya. Ta gaishe shi gaisuwar manya, ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, yana amsawa da 'yar Hausar da yake ji. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da farin goro manya-manya, na ƙarshe cikin waɗanda Yaya ya aiko, ta miƙa masa sama. Ya sunkuyo ya amsa da hannu biyu, yana dariya, yana ta godiya yana kiranta Mama. Ba ta ce masa komai game da jira ba, don a wurinmu ba a faɗa. Muka juyo, ta ce mini an gama.

Daidai nan aka kira azahar a cikin gari. Inna ta ce ba ta san inda wannan abu zai riƙa fuskanta ba in ya kama hanya, gara ta yi sallarta a kan ƙasar Allah. Ta ce in zauna da kaya, in ta dawo ni ma in je. Ta ɗauki buta ta nufi wata darbejiya a ƙarshen dakali. Ina zaune aka kaɗa ƙararrawa. Na ɗauka irin ihun yaron mota ne, wanda ake farawa tun kafin a ɗaure kaya. Wani falke da ke kusa da ni ya ce in yi maza in kira tsohuwata. Na ce masa, har da ɗan alfahari, kada ya damu, ta riga ta kai wa direba goro. Ya dube ni, ya buɗe baki zai yi magana, sai aka busa usur, wani mai kaki ya ɗaga koriyar tuta, taragon ya yi wata girgiza da ta haɗa kawunanmu. Dakali ya fara tafiya baya.

Na tsaya a bakin ƙofa. Taragonmu ya zo daidai darbejiyar, ga Inna a tsaye bisa mayafinta ta tayar da salla. Na san ta ji, don ko kurma zai ji ta ƙafarsa. Ba ta waiga ba. Ta yi ruku'u a natse kamar tana tsakar gidanmu, jirgi da mutanensa da hayaƙinsa suna wucewa ta gefenta. Ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar wannan ba, abu biyu a wuri ɗaya, kowanne ya kama hanyarsa, ba mai tsaya wa wani. Falken ya riƙe rigata ya ce kada in yi wauta, in zauna, ko ni kaɗai in isa. Na san gaskiya ya faɗa, Yaya yana can gaba, kuma ba mu san yawan abin da ya rage masa ba. Amma ban iya barin Inna ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba. Na fizge na dira, na yi birgima cikin tsakuwa, gwiwata ta fashe. Kayanmu suka tafi.

Na zauna a bayanta har ta sallame, ta yi addu'arta ba gaggawa. Sannan ta juya ta dubi ƙarafan nan biyu, ba komai a kansu sai ɗan hayaƙi can nesa. Ta dube ni, ta dubi jinin gwiwata.

"Mi yas sa ka sabka?" ta ce. "Da ɗayanmu ya isa."

Ta naɗe mayafinta, ta sake duban hanyar, ta ce a hankali, kamar ba da ni take ba, "Kuma ya amshi gorona."

Daga nan ofishin shugaban tasha ta nufa, kuma na san tafiyar, ita ce wadda take yi in za ta wanke direba tas a gaban yaransa. Shugaban tashar wani dattijon Bazazzagi ne mai sanyin magana. Ya bar ta ta faɗi duk abin da ke bakinta, ta ce a garinsu ko arne ba ya cin goron mutum ya bar shi a ƙasa, balle tsohuwa, balle tana gaban Ubangijinta. Da ta gama ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Sai ya nuna mata wata na'ura a kusurwa, ya ce daga cikinta ake zaro wani guntun ƙarfe a ba direba, shi ne izinin hanya. Layin ɗaya ne tal, ba a gocewa, saboda haka tsakanin wannan tasha da ta gaba guntun ƙarfe ɗaya kaɗai ke fita, wanda ke riƙe da shi ne mai hanya, kowa sai ya tsaya har ya kai shi. Ya ce yanzu haka akwai jirgin da zai tsaya a gaba yana jiran wannan ya wuce, wancan ma akwai mai jiransa, haka abin yake a sarƙe har bakin teku.

"Inna," ya ce, "in ya tsaya miki, akwai wata uwar da za ta tsaya a daji saboda ke. Ni da na ba shi hanyar ma ba ni da ikon amshe ta."

Ban taɓa ganin an yi wa Inna magana ta rasa ta mayarwa ba sai ranar. Ta ɗaga kai ta dubi agogon ofishin, ta tambaya wa ke gaya musu lokacin. Ya ce agogon nan da na Zariya da na Ikko bakinsu ɗaya, abin da wannan ya faɗa shi suke faɗi. Na ga abin ya shige ta. Ni ma ya shige ni, a ce mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, ba yare ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, su yarda da lokaci ɗaya, har rayukan mutane su rataya a kansa. Sai ta zauna a kujerar da ta ƙi, ta gaya masa abin da ke kai ta Kurmi. Ya ce wani jirgin sai bayan 'yan kwanaki, hanyar mota kuwa ruwa ya yanke ta, amma akwai abin da ya fi jirgi sauri. Ya nuna wani ɗan ƙarfe a kan tebur da ke ta ƙyas-ƙyas shi kaɗai. Ya ce zai buga waya a sauke kayanmu a Zariya, kuma zai buga har tashar garin da Yaya yake, a aika zango wurin fatomansa, wato maigidan da fatake ke sauka a wurinsa. Ya tambayi sunan mara lafiyar. Inna ta juyar da fuska wajen bango, ni na faɗa. Ya tambaya me za a ce masa.

"A ce mishi Inna tana bisa hanya," ta ce. "Shi jira ni."

Kwanakin da muka yi a tashar nan su suka koya mini ita. Na ga yadda ake juya wani dogon ƙarfe layi ya rabu biyu, na ga masu bin hanya a ƙafa da guduma suna ƙwanƙwasa ƙarfe suna saurare. Na ga ana loda fatu da ƙiraga, ana auna kowane ƙunshi ana shafa masa alama, a ce zai isa hannun mai shi a garin da ni ko sunansa ban iya faɗi ba. Matan ma'aikata suka ba Inna wurin kwana, ita kuwa ba ta iya zaman banza, kafin a jima ta amshe taɓarya daga hannun wata mai fura tana nuna mata inda take kuskure. Amma ba ta cin abinci sosai, kuma duk lokacin da ɗan ƙarfen ofis ya yi ƙara sai hannunta ya tsaya. Ranar da jirgi zai tashi, tun hantsi tana zaune a benci. Ta riga ta tambayi wani malami yadda matafiyi ke salla a abin hawa. Ko ruwa ta ƙi sauka ta sha.

A Zariya muka tarar da kayanmu a ɗakin ajiya, ko ƙullin daddawa ba a taɓa ba. Muka shiga na kudu. Na ga ƙasa tana canjawa ta taga, gero ya ƙare, dawa ta ƙare, itatuwa suka yi ta tsawo suna matsowa har suka rufe sama. Muka hau wata gada bisa ruwan da ban ga irinsa ba, duk taragon ya yi tsit, ƙarfe yana amsa kuwwa a ƙarƙashinmu. Inna ba ta kalli ko ɗaya ba. Carbi take ja, in jirgi ya tsaya a wata tasha sai ta dubi masu hawa da sauka, ba ta ƙara cewa a jira kowa ba.

Fatoman da kansa ya tarye mu a tasha. Tun kafin mu tambaya ya ce Yaya yana nan da ransa. Ya ce sun riga sun fid da rai, ya daina cin komai, sai ga ɗan dako daga tasha da saƙon waya. Tun daga ranar Yaya ya ce a juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa, ya riƙa kurɓar koko, kuma duk lokacin da jirgi ya yi kuka sai ya tambaya ko na Arewa ne. Muka shiga ɗakin. Da ba a ce mini Yaya ba ne, da ban gane shi ba. Idonsa a rufe. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ga fatoma, ga wasu fatake, ga ni, duk mutanen da ya kamata ta ji kunyarsu. Ta wuce mu ta zauna a ƙasa, ta ɗaga kansa ta ɗora a cinyarta, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, ƙarara, kamar kullum tana faɗinsa. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi ɗan murmushi.

"Ashe Inna kin san sunana," ya ce.

Ta sa aka daka geron Jibiya, ta dama masa fura da hannunta, ya sha ludayi kaɗan, ya ce ita ce. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kansa yana kan cinyarta.

Da za mu komo, fatoman ya ba ta abin da ya rage na goron Yaya. A tasha na ga ta zauna tana zaɓen fararen manya, ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe ta nufi kan jirgi. Na sha gabanta, na ce Inna ai kin ga yadda abin yake, ba ya jira. Ta ce ta sani. Ta ce wancan goron na roƙo ne, ta kai shi inda ba a roƙo, wannan kuwa na godiya ne, don jirgi ya kawo ta. Ta miƙa wa direban, wani ne daban, bai san ta ba, bai san dalili ba, ta dawo ta riga kowa zama. Sai da muka yi nisa, itatuwa suka fara gajarta, ta ce mini jirgi bai jira ta ba, amma mutumin Kurmi ya jira ta. Daga ranar ba ta sake faɗin sunansa ba har ta bar duniya.

Ina tsaye a bakin filin nan ina wannan tunani, jikana ya gaji ya tayar da babur. Ya ce wai in an gama, kafin a dama fura mutum ya isa Maraɗi, kuma wannan jirgin ba gawayi yake ci ba. Sannan ya dube ni yana dariya, irin tsokanar jika da kaka.

"Tsoho, in za ka hau sai ka rage wanga jan ƙafa. Jirgi ba ya jiran kowa."

Na ce masa na san haka tun ba a haifi ubansa ba. Ban gaya masa sauran ba. Malamai sun ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yarda, ban taɓa musu ba. Amma na ga mutumin da aka ce wa ana tafe, ya juya shimfiɗarsa wajen ƙofa. Tun ranar da yaron nan ya kai ni, na sa an mayar da tabarmata zauren da ke duban gonakin nan, ina cin tuwona ko ba na jin yunwa. Akwai farin goro a 'yar tukunya a ɗakina, in ya fara bushewa in ba yara su kai wa maƙwabta, in sayi wani in sa. Ba don ya jira ni zan ba direban sabon jirgin ba. Wannan karon ni ke jira.